Goyon da Aka Kasa Saukewa

Ku matso kusa ku ji wani abu da ya daɗe yana ci min rai. Ni ba mai yawo ba ce, ko kasuwa sai ta zama dole nake leƙawa, boko kuma ban yi nisa ba. Amma abin da aka faɗa a tsakar gidana ba ya wuce kunnena, kuma in ya shiga ba ya fita. Wannan ma a tsakar gidan aka yi shi, a Anguwan Rogo, shekarun da wayar hannu ta fara shiga hannun kowa, garin Jos kuma kowa yana kwana da takalminsa kusa.

Ina da ƙane, direban bas ne, Jos zuwa Bukuru. Shi da matarsa da 'yarsu suna haya a wata unguwa da Musulmi da Kirista ke katanga ɗaya. Ranar da gari ya rikice, da hantsi ne, yarinyar ba ta daɗe da fara rarrafe ba. Uwar ta ajiye ta a tabarma a ƙofar ɗaki, ta ɗauki bokiti ta zaga famfon bayan layi. Tana jiran bokiti ya cika aka fara gudu. Ta dawo, ga tabarma, babu yarinya. Ta yi ta zagaye tana kira har muryarta ta dushe, har wasu mata suka ja ta da ƙarfi zuwa inda jama'a suka fake. Sai bayan la'asar maƙwabciyarsu, wata dattijuwa Kirista mai sayar da gwate, wato faten mutanen Jos, ta neme ta ta samu, da yarinyar goye a bayanta cikin zanin zumuntar matan coci.

Ta ce, da irin Hausarsu da ba ta raba mace da namiji, "Ga yaronki. Ya ci, ya yi barci. Na gan shi yana rarrafe zai fita titi, na ɗauke shi na shiga ɗaki na kulle."

Allah ya saka wa matar nan da alheri duk inda take. Bayan ƙura ta lafa suka dawo wurinmu. Maigidana tela ne, ya kwashe yadi da tsohon kekensa daga ɗakin da ke kusa da rijiya, muka ba su.

To, tun daga ranar matar ƙanena ba ta ƙara ajiye yarinyar nan a ƙasa ba. Da ita take girki, da ita take wanki, da ita take shara. In za ta yi sallah tana baya, kan yarinyar yana lilo a ruku'u. Wanka kuwa tare suke shiga. In ta kwance majanyi, to cinya ce, daga cinya sai baya. Da farko ba wanda ya ce uffan. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya zabura. Mu ma kanmu ai ba lafiya muke ba, ƙofar shago in aka bugo da ƙarfi sai ka ga kowa ya miƙe.

Sai watanni suka yi ta tafiya. Ɗan maƙwabtanmu da aka haifa bayanta har yana bin kaji yana faɗawa kwata. Ita kuwa kumatu fal, baki ya buɗe, tana cewa "ba ni" da "a'a" da kyau, amma ƙafafu sirara, sun saba da zagaye ƙugun uwa. In ka ɗaga ta za ka tsayar, sai ta naɗe su sama kamar simintin garwashi ne. Rarrafen da ta iya ma ta manta.

Magana ta fara fita. Ni kuwa na ce muku kunnena ba ya barci. A gidan suna na ji wata tana raɗa wa ta kusa da ita cewa shan inna ne. Wata ta ce ɗigon da masu rigakafi ke yi ne ya jawo, wata ta ce rashin ɗigon ne, suka kusa yin faɗa a kan ƙafar 'yar da ba tasu ba. Na dawo gida jikina a sanyaye. Na matsa wa ƙanena har ya kai mu asibiti. Nas ɗin ta kwantar da ita, ta lanƙwasa ƙafa ta miƙe, ta sosa tafin, yarinya ta harba ta a hannu tana dariya.

Ta ce, "Wannan mai harbin? Ƙafa lafiya lau. Ƙasa take so. Ku sauke ta ta yi wasa."

Matar ƙanena ta ce to. Muna fita ta mayar da ita baya, ta ɗaure majanyi tamau.

Mahaifiyarmu, Hajiya, tana Bukuru a gidan da kakanmu ya gina tun zamanin haƙar kuza. Sunanta aka sa wa yarinyar, shi ya sa ni "uwata" nake ce mata. Ana saura kwanaki azumi Hajiya ta zo. Ta zauna a tabarma, ta sha kununta, ta daɗe tana kallon surukarta tana kaiwa da komowa da goyo. Sannan ta ajiye ludayi.

"Zo nan, 'yar nan. Ba faɗa na zo yi ba, na san abin da kika gani. Amma wannan takwarata ce. Ba za a mayar min da ita gurguwa da ƙafarta lafiya ba. Bayan Sallah zan dawo. In na zo ban ga tana takawa ba, a haɗa min kayanta. Dama yaye ya ƙarato. In yaye ta a can, ta zauna wurina sai ranar da na ga tana gudu."

Kai yaro yaye gidan kaka ba sabon abu ba ne, duk an yi mana. Amma wannan ba ta 'yan kwanaki ba ce, ba a sa ranar dawowa ba. Ƙanena ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Hajiya." Matarsa ta shige ɗaki da goyonta. Sai da aka raka Hajiya ta same ni a madafi ina hura wuta.

"Yaya, in aka ɗauke ta mutuwa zan yi."

"Ba za ki mutu ba. Kwance majanyin."

"Simintin da sanyi."

"Na san sanyin Jos tun ba a haife ki ba. Kwance."

Haka muka fara, cikin damina, cikin azumi. Da yayyafi ya ɗauke sai in share tsakar gida, in shimfiɗa buhuna da tabarma. Abu na farko da na yi, cire mata safa da ɗan takalmin roba. Uwar ta yi ta ƙorafi wai mura. Na ce yaro da yatsun ƙafa yake kama ƙasa, safa kuwa a kan siminti santsi ne kawai. Kwanakin farko kuka ne zalla. Da rarrafe yaro kan tashi, don haka rarrafen muka fara nema. Lokacin dankalin turawa ne, ya yi arha, sai in ɗauki ƙanana in gangara mata su gabanta. Ta bi ɗaya da ido, ta miƙa hannu, bai kai ba, ta kalli uwarta. Uwar har ta miƙa hannu za ta ɗauko mata, na buge hannun.

"Ke aka ce ki koyi rarrafe?"

Ta yi 'yar dariya, ta farko da na ji daga bakinta tun zuwansu.

Da rarrafe ya dawo sai na mirgino turmi tsakiyar gida. Turmi ba ya ture wa yaro, kuma bakinsa daidai hannu. In ɗora ƙosai guda a kai inda za ta gani, in ce, "Uwata, ga naki." Ta kama gindin turmi, ta ja jiki, gwiwa na rawa, ta zauna daɓas. Ta sake. Ranar da ta miƙe ta cafke ƙosan nan na yi guɗa har maigida ya leƙo daga zaure, da tef a wuya.

"Wai makaranta kuka buɗe ba a gaya min ba?"

"E, Malam, kai ne hedimasta. Kawo bencin shagonka."

Ya kawo kuwa. Benci shi ne na bin gefe. In ajiye murfin kwano a wannan ƙarshen, ita tana wancan, in ƙwanƙwasa shi da cokali. Ta riƙe benci ta ja ƙafa a karkace kamar mai ratsa kasuwa ranar jajibere. Da ta iso sai in mayar da murfin ɗaya gefen, ta harare ni ta ce "a'a," ta juya. Bayan wannan sai tatata. In ɗora ƙafafunta a kan nawa, in riƙe hannuwanta, mu tafi tare ina cewa ta-ta-ta, ta-ta-ta, har bakin rijiya mu dawo. Wata rana kuma in zura zani ta ƙarƙashin hammatarta in riƙe ta baya, ita a gaba, ina sassautawa a hankali ba ta sani ba. Ga azumi, ga ciwon baya, kafin a sha ruwa sai in ji ƙuguna kamar an daka.

Dankalin nan bai bar mu ba. Da ta iya tsayuwa sai na koya mata tsince shi. In zuba a gindin turmi, in ɗora kwano a sama. Ta tsuguna ta ɗauka, ta miƙe ta jefa, ƙwal. Wannan ƙarar take so. In ta faɗi sai ta dafa tafukan hannu a ƙasa, ta ɗaga ɗuwawu sama, ta miƙe. Ban san wasan da ya ƙarfafa mata cinya kamar wannan ba.

Ƙanena ya sayo keken katako mai ƙafa uku wurin kafinta, irin wanda yara ke turawa. Ranar farko ya gudu ya bar ta, ta kife. Uwar ta ce a ƙona shi. Maigida ya ɗauka, ya naɗa ƙyallayen ɗinki a jikin tayoyin har suka daina gudu, sai an tura da ƙarfi. Da haka ta fara zagaye gida, tana tura kaji.

Za ku ce ai an gama. Ba a gama ba. Yarinyar nan ta riƙe turmi, ta riƙe benci, ta riƙe keke, ta riƙe yatsana guda, amma ta saki ta taka ita kaɗai, ta ƙi. Na daɗe ina tunani kafin na gane. Duk wasan nan da muke yi, uwarta tana nan, ba ta taɓa yin nisan da ya wuce tsawon hannu ba. In yarinya na bin benci, tana biye da gwiwa. In tana tura keke, tana riƙe da gefen rigarta. Kafin ta yi tangaɗi hannu ya riga ya tare. Ni in koma can in tsuguna da alewa ina kira, sai ta kalle ni ta yi dariya, ta juya ta kama zanin uwarta. Me zai kai ta wurina? Abin da take so duk duniya yana gefenta.

Na ce, "Ƙanwata, ni ba zan iya wannan ba, naki ne. Yaro daga hannu yake tashi ya je wani hannu. Ja baya. Je ki bakin rijiya ki tsuguna ki kira ta."

Ta miƙe, ta ja da baya kaɗan, idonta a kan yarinya. Yarinya ta ɓata fuska. Kafin kuka ya fito ta dawo.

"Ƙafafuna ba sa yarda, Yaya. Wallahi ina so. Da na matsa sai in ga tabarmar ranar nan, babu kowa a kai."

Me zan ce? Na ce gobe. Goben ma haka. Ana cikin wannan, wata la'asar a goman ƙarshe, tayar wata mota ta fashe a bakin titi. Ƙarar ta ratsa unguwa, yara suka watse, wani ya bugo ƙofar shago. Kafin in ɗago kai ta sure yarinya, ta jefa baya, ta ɗaure, tana tsaye a zaure da mayafi a hannu tana haki. Aka ce taya ce, taya ce. Ta ji, ta gyaɗa kai, amma majanyin nan bai sake kwancewa ba sai da aka yi kwanaki. Na yi lallashi, na yi faɗa, har na ce mata maganar da ta sa ta kuka. Da ta sake sauke ta, sai muka koma turmi kamar ba mu taɓa barinsa ba.

Sallah ta zo ta wuce, ba wanda ya ji daɗin tuwonta a gidanmu. Ba a daɗe ba ƙanena ya shigo da Hajiya da hantsi, an yi ruwa da safe, siminti bai gama bushewa ba. Ta kawo mana acha. Aka gaisa, aka shimfiɗa mata tabarma.

"To, ina takwarata? A nuna min."

Na tsayar da ita a jikin turmi. Ta tsaya cas. Na tura mata keke, ta ture shi. Na gangara dankali, ta bi shi da ido kawai. Na yi ta-ta-ta har na ji kunyar kaina. Uwar tana durƙushe a gefenta, hannu a buɗe kamar kullum.

Hajiya ta ce, "Turmi ai ko ni na riƙe shi zan tsaya."

"Hajiya, wallahi tana bin benci. Saura kaɗan. Ki ƙara mana ko mako ne."

"Na ba ku azumi guda cur. Ke, 'yar nan, tashi ki haɗo kayanta."

Matar ƙanena ta kalli mijinta, ya kalli ƙasa. Ta kalle ni. Sannan ta miƙa hannu za ta ɗauki yarinya ta shiga da ita.

"Bar min ita nan. Kaya na ce."

Suruka ta yi magana a gaban miji, ba ta da yadda za ta yi. Ta miƙe. Na ga yadda ta juya, kamar wadda ake cire wa ƙaya. Ɗakinsu yana can ƙarshen tsakar gida. Ta kama hanya ita kaɗai, bayanta babu kowa, kafaɗunta na rawa. Ni ma na kau da kai, don ban iya kallo ba.

Kunnena ne ya fara gaya min. Na ji ihu, sannan na ji tafin ƙafa a jiƙaƙƙen siminti, ɗaf, ɗaf. Na waiwaya. Yarinyar nan ta saki turmi. Hannuwa a sama, baki a buɗe, ƙafafu a wawware, tana bin bayan uwarta. Tun da ta yi wayo ba ta taɓa ganin bayan nan yana tafiya ya bar ta ba.

Na ce, "Ƙanwata! Juyo, amma kada ki taho. Tsuguna a nan!"

Ta juyo a bakin ƙofa. Da ta gani sai ta durƙusa. Ta miƙa hannu biyu. Yarinya ta ƙara taku kaɗan, ƙafa ta zame, ta kife da baki. Na ga jini a leɓe. Uwar ta yunƙura.

Hajiya ta ce, "Kul! Zauna inda kike."

Ban san da me ta zauna ba. Ta cusa gefen mayafi a baki ta cije. Yarinya ta yi kuka har numfashi ya ɗauke, ta duba dama, ta duba hagu, ba wanda ya zo. Sai ta dafa tafukan hannu, ta ɗaga ɗuwawu, ta miƙe, ta ci gaba tana kuka tana tangaɗi har ta faɗa jikin uwarta. Ƙanena yana faɗin Allahu akbar, maigida ya fito da almakashi a hannu, ni kuwa guɗar ma ta ƙi fita.

Hajiya ta gyara ɗaurin ɗankwali. "A wanke mata baki da ruwan gishiri. Kaya kuma a bar su. Yayen ma ku yi a nan, ni ba ni da ƙafar bin wannan."

Muka yi sadakar waina. Masu cewa shan inna suka zo suka ci, suka ce dama su sun faɗa. Kafin wata ya zagayo yarinya ta zama abin tsoro. Ta shiga madafi, ta kifar da kwano, ta ja wa maigida zare har tsakar gida. In uwar ta durƙusa ta ce "hau," sai ta noƙe kafaɗa ta ce "a'a," ta wuce. Zaure kuma ya zama wurin da ta fi so, don daga nan ake ganin achaɓa. Aka gitta katako a ƙofa, ta koyi haurawa.

Kowa ya samu sauƙi ban da uwar. Ta rame. Girki ba ya yi mata daɗi, don rabin hankalinta yana waje. Tana magana da kai sai ta yanke a tsakiya, ta karkata kunne, ta ce "ina take?" alhali yarinyar tana bayanta. Wata rana da la'asar muna tsintar shinkafa, yarinya ta tashi ta nufi zaure tana surutunta. Uwar ta bi ta da ido, ba ta tashi ba, amma ta daina tsintar.

"Yaya."

"Na'am."

"Kun ce in sauke ta, na sauke. Kun ce in ja baya, na ja. Ga shi tana tafiya, na gode Allah, ba a raba ni da ita ba. Amma da tana bayana na san inda take. Yanzu in gudu ya sake tashi ina madafi, ita tana can, ta ina zan fara?"

Na ce, "Allah yana nan, ƙanwata."

"Na sani, Yaya. Ba wannan na tambaye ki ba."

Ni da ba a taɓa rufe min baki ba a gidan nan, na sunkuyar da kai na ci gaba da tsintar tsakuwa. Na so in ce mata ba za a sake ba, amma a garin muke duka, tana jin abin da nake ji, ba zan iya yi mata ƙarya ba. Ta jira ni har ta gaji, sannan ta ajiye faifai ta tashi ta je ta tsaya a bakin zaure. Har yau ina juya maganar, ban samu abin da ya kamata in faɗa ba. Ku fa, da ku ta tambaya, me za ku ce mata?